Kwamfutar Tebur Ta Ƙi Tashi Ko Hotonta Yana Kakkatsewa? Ga Yadda Za Ka Gano Ciwon Kafin Ka Kai Ta Gyara

Darasinmu na yau ya shafi kwamfutar tebur, wadda ake girkewa a shagon buga takardu, ko kafe, ko ofishin makaranta. Yawancinmu da waya muke komai, amma ranar da aikin cike fom ko buga takardar sakamako ya taso, dole sai an koma wajenta. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka duk ɗalibin da ke Jangebe, ko Bakura, ko Maradun, da irin wannan na'ura zai yi atisaye, da ita kuma zai rubuta jarabawar. Ga mai shago kuwa, kwana biyu kwamfuta a kwance ciniki ne ya tafi. Idan aka ce sai an ɗauke ta zuwa Talata Mafara, ko Gusau, ko Sakkwato, ga kuɗin mota, ga kuɗin gyara, ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki. Abin takaicin shi ne sau da dama ciwon bai wuce batiri ɗan ƙarami ko ƙurar da ta toshe fanka ba.

Matsaloli biyu za mu duba: kwamfutar da ta ƙi tashi, da wadda ta tashi amma hotonta yana maƙalewa ko yana ƙiftawa. Mun haɗa su ne saboda sau da yawa tushensu ɗaya ne.

Abin da ke faruwa idan ka danna makunni

Idan ka san matakan tashin kwamfuta, za ka gane inda ta tsaya, kuma inda ta tsaya shi ke nuna maka mai laifi. Matakan huɗu ne.

Na farko, fawa saflai, akwatin da wayar wuta ke shiga ta bayansa, yana karɓar wutar gida ya rage ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, ya raba wa sassan ciki. Na biyu, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a kan madabod, wadda ake kira BIOS ko UEFI, tana duba ko furosesa da RAM da ɓangaren hoto suna nan lafiya. Na uku, ta nemo ma'adanar da Windows yake ciki, had dis ko SSD. Na huɗu, Windows ya ɗauki ragama, ya tayar da direbobi, su ne manhajojin da ke yi masa tafinta tsakaninsa da kowane sashe na na'urar.

Wanda wayarsa ta taɓa tsayawa a kan tambarin Tecno ko Infinix ta ƙi wucewa ya riga ya san mataki na huɗu. Bambancin kawai shi ne kwamfutar tebur ana buɗe ta a cire sassanta ɗaya bayan ɗaya, don haka binciken ciwonta ya fi na waya sauƙi.

Ƙa'idoji kafin ka taɓa komai

Cire wayar wuta daga soket, sannan ka danna makunni ka riƙe na kamar daƙiƙa 15 don ragowar wutar da ke ciki ta fita. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu a ciki, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara irin wutar nan da kake ji tana ɗan ja idan ka taɓa ƙofar mota; tana iya lalata RAM. Ɗauki hoton ciki da wayarka kafin ka zare kowace waya, don ka san mazauninta. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, domin idan ka canza uku a tare ta tashi, ba ka san wanne ne ya warkar da ita ba. Fawa saflai kuwa kada ka taɓa kwance shi. Yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire shi daga soket.

Alama ta 1: Shiru, ba fitila ba ƙarar fanka

Wannan matsalar wuta ce. Gwada soket ɗin da cajar waya. Canza wayar wutar da ta manita, tunda yawanci kansu iri ɗaya ne. Idan filoginka mai ƙafa uku ne, sau da yawa akwai fis a cikinsa da yake ƙonewa. Ka duba ko akwai ƙaramin makunni a bayan fawa saflai, ya kasance a kan alamar I.

Ga wani abu da duk mai sayen kwamfuta ta hannu, wadda muke kira Baljiyam, ya kamata ya sani. Wasu tsofaffin fawa saflai suna da wani jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Amurka ta kusan bolt 120 ce, tamu ta Najeriya ta 230 ce. Idan na'urar daga can ta fito an bar ta a 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Duba wannan maɓalli kafin ka jona kowace kwamfutar da ka sayo.

Yawancin kwamfutocin Dell OptiPlex suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan fawa saflai. Idan ka danna fitilar ta kama, fanka ya juya, shi kansa yana da rai, sai a nemi ciwon a gaba.

Kada kuma ka manta da irin wutar da kake ba ta. Wutar NEPA, wadda kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a Zamfara, tana zuwa wani lokaci da rauni, har ƙwan fitila ya yi ja. Ƙaramin janareta ƙarfinsa yana hawa yana sauka duk sa'adda aka kunna firinta ko na'urar hoton takardu. Masu sola kuma, inbata mai arha ba ta bayar da wuta mai santsi irin ta gida, kuma wasu fawa saflai na zamani ba sa jituwa da ita: sai kwamfutar ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Kai ta wani wuri mai wuta daban ka kunna. Idan ta zauna lafiya a can, wutarka ce mai ciwo.

Alama ta 2: Fanka na juyawa, allo baƙi

Fara da manita. Shin fitilarta tana kunne? Idan ta rubuta "No Signal", ita lafiyarta ƙalau, saƙo ne bai iso mata ba. Danna maɓallin zaɓen hanya da ke jikinta, ka tabbata tana kan VGA idan VGA ka jona, ko HDMI idan shi ne. Idan kwamfutar tana da katin hoto na daban, za ka ga ramukan manita a wuri biyu, na sama a jikin madabod da na ƙasa a jikin katin. Na ƙasan za ka jona. Talabijin ɗin gida mai ramin HDMI ya isa ka gwada da shi.

Idan manita ba ta da laifi, wanda ake fara zargi shi ne RAM. Ƙurar hunturu tana shiga raminsa, girgizar mota ko babur tana sassauta shi. Buɗe 'yan maƙallan da ke gefensa, ka zaro shi, ka goge bakin nan mai ruwan gwal da kilinar fensir a hankali, ka kakkaɓe, ka mayar har sai ka ji ya yi "ƙas". Idan guda biyu ne, sa ɗaya kaɗai ka kunna, sannan ka gwada ɗayan, sannan ka canza rami. Ta haka za ka gane ko RAM ɗin ne ya mutu ko ramin.

Saurari kukan da take yi, ka kuma kalli fitilar makunni. Kwamfuta tana faɗin ciwonta da adadin ƙarar "tit" ko adadin ƙiftawar fitila, kuma kowane kamfani da nasa tsarin. A nan wayarka za ta yi maka amfani: ƙirga sau nawa, ka rubuta sunan samfurin da ke jikin akwatin tare da adadin a Google, za ka samu fassarar a shafin kamfanin.

Alama ta 3: Tambari ya fito, sai rubutu cikin baƙin allo

Idan ka ga "No boot device found" ko makamancinsa, BIOS ta gama aikinta amma ba ta ga Windows ba. Fara cire duk filash da ke jiki, don wani lokaci a cikinsa take neman Windows. Sannan ka shiga BIOS: a Dell ana danna F2 da zarar an kunna, a HP F10, a Lenovo F1.

Abu na farko da za ka kalla shi ne kwanan wata. Idan ka ga ya koma shekaru baya, batirin madabod ya mutu. Batiri ne mai faɗi kamar kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, irin wanda ake sa wa rimot ɗin mota, kuma masu gyaran agogo suna sayar da shi. Aikinsa riƙe agogo da saituttukan BIOS idan ba wuta. A ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa yana daɗewa, amma a wajenmu da kwamfuta ke wuni ta kwana ba a jone ba, shi ke ɗauke da nauyin, ga shi kuma Baljiyam ta riga ta sha shekaru kafin ta iso hannunka.

Mutuwar wannan ɗan batiri tana jawo abubuwa uku da mutane ke ɗauka babbar lalacewa ce. Kwamfuta ta riƙa tsayawa tana neman a danna F1. Burauza ta ƙi buɗe shafuka tana cewa haɗinka ba amintacce ba ne, saboda kwanan watan ya saɓa da na takardar shaidar shafin. Na uku kuma, saitin ma'adana ya koma yadda ya fito daga kamfani. Idan an sa Windows ɗinka a tsarin UEFI saitin ya koma Legacy, ko yana AHCI ya koma RAID ko IDE, Windows ba zai tashi ba, wani lokaci da shuɗin allo mai cewa "INACCESSIBLE BOOT DEVICE". Fayilolinka suna nan, ba abin da ya same su. Sa sabon batiri, gyara kwanan wata, ka gwada ɗayan saitin. Ranar da kwamfutarka take lafiya, shiga BIOS ka ɗauki hoton waɗannan shafuka ka ajiye a waya.

Idan BIOS ba ta ganin ma'adanar sam, kashe, ka zare wayoyinta guda biyu ka mayar, ko ka canza siririyar wayar SATA. Had dis ɗin da ke ƙara "ƙat, ƙat, ƙat" yana bakin mutuwa. Daina kunna shi barkatai, ka nemi hanyar kwashe abin da ke ciki tukuna.

Alama ta 4: Windows ya fara tashi ya tsaya

Ɗigogin nan suna ta zagaye, ko shuɗin allo ya fito ta sake kunna kanta. Yawanci abu biyu ne: wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta Windows, ko wani direba ya lalace. Kada ka raina abin da fayil ɗaya zai iya yi. A ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta kwantar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi. Maganin da aka bayar a lokacin shi ne shiga Safe Mode a goge fayil ɗin.

Safe Mode tashi ne da direbobi kaɗan, irin wanda ke wayoyin Android. Don ka kai gare shi, kunna kwamfutar, da zarar ɗigogin sun bayyana ka danne makunni har ta mutu. Maimaita sau biyu ko uku, Windows da kansa zai buɗe shafin gyara. Daga nan bi Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma. Gwada Startup Repair tukuna. Idan bai yi ba, Uninstall Updates yana cire sabuntawar ƙarshe, System Restore yana mayar da ita ranar da take lafiya, Startup Settings kuma shi ke kai ka Safe Mode idan ka danna 4.

Idan ta tambaye ka mabuɗin BitLocker, lamba ce mai alƙaluma 48. Yawanci tana ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka shiga kwamfutar da shi, kuma za ka iya buɗe asusun ta waya ka karanto.

A nan ne masu gyara da dama ke cewa "sai dai a yi fomatin". Kafin ka yarda, tambayi inda fayilolinka za su. Ana iya cire ma'adanar a jona ta a wata kwamfutar a kwashe komai cikin ƙasa da awa ɗaya, idan ba ta mutu ba.

Kashi na biyu: hoto yana kakkatsewa

Manita ta yau da kullum tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Idan kwamfuta ta makara wajen kawo hoton gaba, sai ido ya ga tsalle ko tsayawa. Kafin ka zargi kowa, raba matsalar gida uku.

Idan layuka kake gani suna rawa, ko launi ya rine ya koma ruwan hoda ko shuɗi, kuma har a shafin BIOS haka yake, wannan ba ruwan Windows. Wayar VGA ce, mai shuɗin kai da allura 15. Allura ɗaya ta lanƙwashe launi ɗaya ya tafi, kuma tana ɗaukar hayaniyar wutar janareta ta nuna a allo. Ɗaure sukurorinta biyu, raba ta da wayoyin wuta, in da hali ka koma HDMI ko DisplayPort.

Idan allon yana ɗaukewa na ɗan lokaci ya dawo, direban hoto ne. Windows yana jiran katin hoto daƙiƙa 2, in bai amsa ba sai ya sake tayar da direban, shi ne ƙiftawar da kake gani. Kai ma za ka iya yin haka da hannunka ta danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare. Maganin dindindin shi ne buɗe Device Manager, ka shiga Display adapters. Idan matsalar ta fara bayan sabuntawa, zaɓi Roll Back Driver. Idan kuma ka ga an rubuta "Microsoft Basic Display Adapter", to ba a sa direban ba ma sam, abin da ke yawan faruwa bayan fomatin. Sauke shi daga shafin kamfanin kwamfutar, ko na Intel, AMD ko Nvidia. Kana iya saukewa a waya lokacin da data ke arha ka tura ta kebul. Ka kuma leƙa Advanced display a cikin Settings, ka tabbata tana kan 60Hz, don wasu talabijin suna sauke ta zuwa 30.

Idan kuwa komai ne ke tsayawa, har kibiyar maus, danna Ctrl da Shift da Esc ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance. Wanda ya cika zuwa 100% shi ne mai laifi.

Disk a 100%: wannan ya fi yawa a tsofaffin kwamfutoci. Had dis faifai ne mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, Windows 10 da 11 kuma suna yawan karatu da rubutu. Sa manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Idan ta nuna "Caution" da ruwan ɗorawa, kwashe kayanka yau. Komawa SSD, ko da mai 128GB ko 256GB ne, ya fi kowane gyara canza tafiyar tsohuwar kwamfuta.

Memory ya kusa cika: 4GB ya yi kaɗan ga Chrome mai shafuka da yawa tare da CorelDraw. Idan RAM ya cika, Windows yana aron wuri a had dis, tafiya ta koma ta hawainiya. Ƙara zuwa 8GB, amma duba irin naka tukuna, don DDR3 ba ya shiga ramin DDR4.

CPU a 100% lokacin kallon bidiyo: YouTube yana aiko da bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, tsofaffin furosesa kuma ba su da sashen da ke warware su kai tsaye, sai su yi ta dakon aikin da ƙarfi. Sauke ingancin zuwa 720p ko 480p. Idan ka danna bidiyon da maɓallin dama ka zaɓi "Stats for nerds", za ka ga adadin hotunan da suka zube. Idan ba sa zubewa amma bidiyon yana tsayawa yana zagaye, netwok ne, kwamfutarka ba ta da laifi.

Zafi da ƙura

Akwai alamar da ke nuna zafi ƙarara: kwamfuta tana lafiya da safe, amma bayan minti 20 ko 30 ta fara nauyi, fanka yana kuka, wani lokaci ta mutu da kanta. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40, shagon da ke da rufin kwano kuma ya fi haka. Furosesa idan ya doshi digiri 100 yana rage gudun kansa don kada ya ƙone, wannan ragewar ita kake gani a matsayin maƙalewa, kamar yadda waya ke yi idan ana gem tana caji. Manhajar HWMonitor za ta nuna maka zafin. Idan ba ka komai amma yana sama da 70, akwai gyara.

Fitar da ita waje ka hure ƙurar da bulowa, ka riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya shi fiye da ƙima. Idan ta shekara da yawa, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe. A goge tsohon tas, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, a mayar a ɗaure. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ka ba shi tazara daga bango, kada kuma ka bar shi lulluɓe da zane yana kunne.

Lokacin da ya kamata ka kai wa mai gyara

Idan ka ji ƙaurin ƙuna, ko ka ga ƴan gwangwanayen da ke kan madabod sun kumbura ko sun zubar da wani abu, ko ka gwada RAM mai kyau da fawa saflai mai kyau ta ƙi, to aikin ya wuce na gida. Ka tafi da jerin abin da ka gwada da hoton saƙon da ta nuna. Mai gyara ba zai ɓata lokaci ba, kai ma ba za a sayar maka da abin da ba ka buƙata ba.

Ga mai shirin sayen Baljiyam, Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Duba lambar: i5-8500 zubi na 8 ne, i5-4570 na 4 ne. Kafin ka biya, sa a kunna ta a gabanka. A Dell danna F12 ka zaɓi Diagnostics, a HP danna F2, za ta gwada RAM da ma'adanarta da kanta.

Daga ƙarshe, sitabilaiza da UPS ko da ƙarami ne sun fi sabon madabod arha, kuma kashe kwamfuta ta Shut down kafin a kashe janareta yana tsare ka daga yawancin matsalolin Alama ta 4. Rigakafi ya fi magani. Duk wanda tasa ta nuna alamar da ba mu ambata ba, ya turo mana sunan samfurin da ainihin rubutun da ya gani a allo, za mu duba tare. A darasi na gaba, in Allah ya kai mu, za mu kawo yadda ake sa Windows a filash da kuma yadda ake ƙaura daga had dis zuwa SSD ba tare da an rasa fayil ko ɗaya ba.